Kuɗin Ruwa: littafin aikin labarin wasan tebur ɗina na farko

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau na sayi sabon littafi mai falle sittin, na rubuta "Kuɗin Ruwa" a bangonsa. Kusan shekara guda ke nan muna buga Call of Cthulhu a falon Umma duk Asabar bayan Isha'i, ni da ƙanena da ƙanwata da ɗan Kawu wanda yake ɗinki, da maƙwabcinmu malamin lissafi. Duk labaran da muka bi na wasu ne, ina karantawa da Turanci ina mayar musu da Hausa. Wannan karon ina son namu.

Ga wanda bai san wasan ba: kamfanin Chaosium ne ya fitar da shi a 1981, mu muna bin bugu na bakwai. Mutum ɗaya ke riƙe labari, shi ke faɗin abin da ake gani da abin da ake ji. Sauran kowa yana da mutum guda da yake wakilta, an rubuta iyawarsa a takarda da lamba tsakanin 1 da 100. In za ka buɗe kwaɗo kuma iyawarka 60 ce, sai ka jefa dayis, in 60 ko ƙasa ta fito ka yi nasara. Akwai kuma makin hankali, wanda ke raguwa duk sanda mutuminka ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba.

Dalilin da ya sa na zaɓi duniyar masu laifi shi ne ƙanena. A labaran da muka buga, mutanenmu malaman jami'a ne da 'yan jarida, kuma da zarar abu ya ɓaci sai ya ce, "Yaya, mu kira 'yan sanda mana." Gaskiyarsa ce, mai hankali haka zai yi. Ni kuwa sai na shiga ƙirƙiro dalilin da waya ta lalace ko ofishin ya yi nisa. Wanda ke ɗauke da kayan sumoga da tsakar dare ba shi da wannan ƙofar. Duk abin da ya gani a duhu, shi da shi ne.

Littafi da biro: N900.

Talata, 7 ga Janairu

Karatu kawai. Dokar hana sayar da barasa a Amurka ta fara aiki 17 ga Janairu, 1920, aka soke ta 5 ga Disamba, 1933. Cikin waɗannan shekaru ne gungun 'yan daba suka raba Shikago unguwa-unguwa. Na tsayar da lokacin labarin: mako na biyu na Nuwamba, 1924. Ranar 10 ga wata aka harbe Dean O'Banion, shugaban 'yan Arewacin birnin, a shagon furanninsa da ke kallon cocin Holy Name. Mutum uku suka shigo, ɗaya ya miƙa masa hannu a gaisa ya riƙe gam, biyun suka yi harbi. Daga nan gaba ta ɓarke tsakanin yaransa da ɓangaren Johnny Torrio da Al Capone. A labarina, mako ne da kowa ke tsoron kowa, ba mai fitar da kaya a kan titi. Su Capone ba za su fito a labarina ba, sai dai a ji sunansu a bakin mutane.

Data: N3,000.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na samu wurin da labarin zai faru. Ƙarƙashin tsakiyar Shikago akwai ramukan jirgin kaya, tsawonsu kusan mil 60, zurfinsu kamar ƙafa 40 daga titi. Faɗin rami ƙafa 6, tsayinsa ƙafa 7 da rabi, da ƙaramar hanyar dogo da wayar lantarki a saman kai. An fara haƙa su a 1899 da sunan shimfiɗa wayoyin tarho, daga baya suka koma kai gawayi ginshiƙan manyan gine-gine da kwaso toka. Sun daina aiki a 1959, aka manta da su har watan Afrilu na 1992, lokacin da ruwan kogi ya ɓalle ciki kusa da gadar titin Kinzie ya cika ƙarƙashin birnin. Na auna ƙafa 6 a soro da tef ɗin ɗan Kawu. Mutum biyu ba za su jera su gudu ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Ba mu yi wasa ba, na roƙi mako guda. Na kwana a kan labarin jirgin ruwan Eastland. Safiyar Asabar 24 ga Yuli, 1915, ma'aikatan kamfanin Western Electric da iyalansu sama da 2,500 suka hau shi za su tafi shaƙatawa. Tun bai tashi ba ya kife gefe ɗaya a bakin kogin, tsakanin titin Clark da LaSalle, cikin ruwan da bai wuce ƙafa 20 ba. Mutum 844 suka mutu, da yawansu mata da yara, akwai gidajen da suka ƙare kaf. Na rufe wayar na daɗe zaune.

Ga ƙashin labarin. Wani mai ba da bashi da ruwa, wanda ake kira Mai Littafi, yana bin mutane huɗu kuɗi. Ya ce su kai masa akwati goma sha biyu ta cikin ramin, daga bakin kogi zuwa ginshiƙin wani otal, kafin asuba, ya yafe musu. Akwati ɗaya yana ɗigar ruwan kogi, kuma nauyinsa ƙaruwa yake. A ciki akwai zobba da agoguna da ya cire daga jikin mamatan Eastland shekara tara da suka wuce, su ne jarinsa na farko. Mai Littafi da satarsa ƙirƙirata ce, ba mutumin tarihi ba ne. Sunan labarin ya zo da kansa: abin da ke hawa kan bashi ruwa muke ce masa, kuma ruwa ne zai biyo su.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na kai wa Malam takardar mutuminsa bayan La'asar. Ya karanta ya miƙo mini. "Ni fa ba zan zama mai sayar da giya ba, ko da a wasa ne." Na ce, "Malam, ai labari ne." Ya ce ya sani, amma awa uku zai yi yana cewa "ni" da bakin mutumin.

Ban ji daɗi ba a lokacin, amma da na dawo gida na duba, maganarsa ta gyara mini aiki. Na yi su huɗun manyan 'yan sumoga masu ji da kansu, kuma mai ji da kansa ba ya tsoro. Na sauke su duka. Yanzu akwai akawun da ya ci bashi don maganin matarsa, nas da aka kora daga asibiti tana ɗinke raunin 'yan daba a ɓoye, direban ƙaramin jirgin ramin, da tsohon ɗan dambe da ido ɗaya ya fara mutuwa. Babu mai sha, babu mai sayarwa, ba su ma san abin da ke cikin akwatunan ba. Talakawa ne da ruwan bashi ya kai musu wuya. Malam ya karɓi akawun.

Laraba, 15 ga Janairu

Zanen taswira da rubuta takardun shaida shida, waɗanda 'yan wasa za su tsinta su gano sirrin labarin. An buga: takardun 'yan wasa N800, na shaida N600, taswira babba N1,200.

Asabar, 18 ga Janairu

Gwaji na farko, kuma ya watse. Zan rubuta shi dalla-dalla don kada na manta.

Kuskure na farko, bindiga. Na bai wa ɗan damben ƙanena bindigar Thompson mai sarrafa kanta, saboda ita ake gani a hannun 'yan daban wancan zamani. Da na ce sun ji takun ƙafa cikin ruwa a bayansu, bai bari na ƙarasa ba ya ce ya buɗe wuta. Na ce babu kowa. Bayan minti goma na sake kawo takun, ya sake harbi, aka yi dariya. Daga nan duk abin da na siffanta, amsarsa harsashi ne. Mutumin da ke riƙe da irin wannan makami yana jiran abin tsoron ya fito ne, ba ya fatan kada ya fito.

Na biyu ya fi ciwo. Na ɓoye littafin bashin a ƙarƙashin akwatin da ke ɗiga, na ce sai wanda ya ci jifar lura zai gan shi. Su huɗun suka jefa, duka suka faɗi. Dokar wasan ta ba da damar a sake jifa da sharaɗin in an kuma faɗuwa abin ya munana, ƙanwata ta gwada, 91 ta fito. Ba littafi, ba sunan Eastland, ba dalilin komai. Suka kai akwatunan otal cikin awa ɗaya da rabi, Mai Littafi ya ce an gama. Ɗan Kawu ya kalle ni ya ce, "Shi ke nan?"

Na uku, dayis. Namu masu fuska goma sun ɓata tun Disamba, muna jifa da manhajar waya. Wayar na hannun mutum, saƙo na shigowa, hankali ya tafi.

Ƙanwata ce ta tsaya taya ni tattara takardu. Ta ce, "Yaya, ramin ya yi kyau, na ji sanyinsa. Amma ba abin da muka yi da ya jawo mana abin. Bin mu kawai yake."

Lahadi, 19 ga Janairu

Na cire bindigar. Tarihi ma ya goyi bayana, sai a 1925 Thompson ta fara bayyana a faɗan 'yan daban Shikago. Yanzu ƙaramar bindiga ɗaya ce tsakaninsu, harsashi shida, kuma tana hannun akawu wanda bai iya harbi ba.

Duk shaidar da labari ba ya tafiya sai da ita, na cire mata jifa. Littafin zai faɗo da kansa in jirgin ya taka burki. Jifa za ta ƙara bayani ne kawai. Sunan Eastland kuma ta hanya uku za a iya kai gare shi: rubutun bayan wani agogo, guntuwar jarida, da abin da nas ta tuna, don tana cikin waɗanda suka yi aikin gawarwaki ranar.

Laraba, 22 ga Janairu

Na yi odar dayis bakwai daga Legas, N8,500, kuɗin kawowa N3,000. Kafin su iso na tara marafen lemo ashirin, na rubuta 0 zuwa 9 sau biyu da jan farce, na zuba a hula biyu. Hular dama goma-goma, ta hagu ɗai-ɗai. Lissafin daidai yake da dayis matuƙar an mayar da marfi bayan kowace zara, Malam ya tabbatar.

Asabar, 25 ga Janairu

Biki a dangi, babu wasa.

Talata, 28 ga Janairu

Maganar ƙanwata ta daren gwajin farko ta hana ni sukuni, yau kuma ta ƙara wata. Ta karanta wurin da na siffanta mamatan suna tafe cikin ruwa, har da yarinya mai farar riga. Ta ajiye takardar ta ce, "Yaya, waɗannan mutanen gaske ne fa. Suna da jikoki. An zalunce su a labarinka, kuma ka mayar da su dodanni." Tana karatun aikin jinya, ta taɓa wanke gawa, ni ban taɓa ba.

Na goge shafi uku. Mamatan ba za su taso ba, ba za a gan su ba, babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a takardata. Abin da ke bin akwatin wani abu ne na cikin kogin da ya ɗauki kayan a matsayin nasa, ya zo karɓa da ruwansa. Ba shi da siffa. Ana jin sa ne: sanyi, warin laka, ƙarar agoguna da yawa suna bugawa tare a cikin akwatin da ya shekara tara a rufe. Da na faɗa wa ɗan Kawu sai ya ce, "Ashe 'yan ruwa ne." Ban ce masa e ko a'a ba, kuma haka zan bar shi a rubuce.

Ɗayar matsalar kuma, ta cewa ba abin da suka yi da ya jawo musu abin, kofin shayi ne ya warware ta. Ƙaramin kofin gilashi, na liƙa masa tef wuri huɗu: idon sawu, gwiwa, ƙugu, wuya. A cikin ramin akwai akwatunan tarho a mahaɗar hanyoyi, ko wane ɗan wasa zai iya ɗaga waya ya roƙi Mai Littafi abu, fitila ko mabuɗi ko hanya, kuma ba ya hanawa. Amma duk roƙo, zan zuba murfin gora ɗaya na ruwa a kofin. Duk rabin awa kuma zan ƙara murfi ɗaya kan kowane bashin da ba a biya ba. Inda ruwan kofi ya kai, nan ruwan rami ya kai.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gwaji na biyu. Kofin ya yi aiki har na tsorata da kaina. Amma na sa ruwan bashin ya yi sauri, kafin su kai rabin hanya ya wuce ƙugu, ba su da zaɓi sai gudu, ba su tsaya karanta komai ba. Sannan ƙanena ya miƙa hannu zai zari marfi, gwiwar hannunsa ta ture kofin. Ruwa ya bi taswirar, tawada ta narke, titin Clark da LaSalle suka zama shuɗin tabo guda. Takardu uku suka jiƙe. Muka tashi sha ɗaya saura.

Gyara: ruwan bashi duk minti arba'in da biyar, kofin kuma a cikin faranti, a gefena.

Talata, 4 ga Fabrairu

Sabuwar taswira N1,200, an sa mata leda N1,500, takardu N800. Dayis sun iso. Kyandir da batir N1,000.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wannan daren nake nema tun Janairu.

An ɗauke wuta tun Magariba, muka kunna kyandir biyu. Sanyin hunturu bai gama sauka ba, kowa da mayafinsa. Na buɗe da Mai Littafi yana lasar yatsa yana juya shafi, yana ce musu bashi hanji ne, yana cikin kowa. Na ƙara doka ɗaya da ban gwada ba: ana iya cin bashi a ɓoye, ta rubuta mini a guntuwar takarda.

Awa ta farko suka yi ta taka-tsantsan, roƙo ɗaya kawai, na fitila. Sai jirgin ya mutu a ƙarƙashin kogi. Ɗan Kawu, direba, ya turo mini takarda ta ƙarƙashin taswira: yana son Mai Littafi ya gaya masa ƙofar fita mafi kusa, shi kaɗai. Na karanta, ban ce komai ba, na ɗauki gora na cika murfi na zuba. Ƙarar ɗigon ta fito sarai. Ƙanwata ta kalli kofin, ruwa ya haura tef ɗin gwiwa. Ta ce a hankali, "Wa ya ci bashi?" Babu wanda ya amsa. Ta kalli ƙanena, ƙanena ya kalli Malam, ɗan Kawu yana gyara takardarsa. Na ƙirga a raina, sun kai daƙiƙa ashirin ba magana, kuma ban siffanta komai ba tukuna.

Daga baya akawu ya buɗe littafin ya ga sunansa a shafin Yuli 1915, shekaru kafin ya san Mai Littafi, da rubutun hannunsa. Ya rasa makin hankali 6 a take. Doka ta ce wanda ya rasa 5 ko fiye lokaci guda zai jefa kan basirarsa, kuma in ya ci, ya fahimci abin da ya gani ke nan, sai hankalin ya gushe na ɗan lokaci. Wannan dokar tana burge ni, mai kaifin ƙwaƙwalwa ya fi shiga haɗari. Basirar akawu 80 ce, 34 ta fito. Malam ya sunkuyar da kai ya fara ƙirga akwatuna da ƙarfi, ɗaya zuwa sha biyu, ya sake, ya sake, kullum yana samun sha uku. Ni ban rubuta haka ba, shi ya kawo, kuma na sa shi a labarin.

Ƙarshe suka tsaya a zaɓin da na gina komai a kansa. In suka mayar wa kogi akwatin, ruwa zai janye, amma yaran Mai Littafi na jira a otal za su ƙirga sha ɗaya. In suka kai sha biyu, abin zai bi su har gidajensu. Suka yi gardama minti ashirin da biyar. Nas ta tura akwatin cikin ruwa, ɗan dambe ya ce shi zai fara hawa matakala ya ce shi ya yar. Umma ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Ku lafiya kuka yi tsit haka?" Ƙanena ya ce, "Umma, bashi ne ya kama mu."

Awa uku da minti goma.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Bugawa a kwamfuta, shafi 9 cikin kusan 20. Wahalar ita ce rubuta wa wani mai riƙon labari abin da ni na sani a kaina.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na gwada da abokan aikina huɗu da ba su taɓa wasan ba, takardu N800. Abu biyu suka fito. Ba su san komai kan Shikago ba, minti arba'in ya tafi a bayanin dokar barasa da su O'Banion. 'Yan gidanmu sun sha jin wannan a bakina wata guda, shi ya ɓoye mini matsalar. Zan matse shi ya zama rabin shafi da za a karanta kafin a zauna: doka ta hana, 'yan daba sun raba gari, an kashe babba jiya, titi ba ya biyuwa.

Na biyu, ɗayansu ya ƙi cin bashi sam, ya hana sauran, kofin ya tsaya a idon sawu har ƙarshe, tsoron bai taso ba. Dabararsa daidai ce, gurbin nawa ne. Bashin da suka shigo da shi tun farko ya kamata shi ma ya riƙa haihuwa. Yanzu kofin zai fara da murfi huɗu, ɗaya kan kowane mutum, kuma ruwan farko zai hau ko ba wanda ya ɗaga waya.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Jiya muka gwada gyaran a gida, ɗan Kawu ya riƙe labarin daga takardata, ni na zama direba. Ya tsaya sau huɗu yana tambayata abin da nake nufi, na sa alama a wuraren: nisan tarho daga tarho, abin da zai faru in aka harbi akwatin, ko ana iya biyan bashi a cikin rami, da yawan makin hankali a ƙarar agoguna. Na amsa uku yau. Biyan bashi zai yiwu, amma da abin da mutum ba ya son rabuwa da shi, kamar zoben matar akawu, kuma murfi ɗaya kawai zai rage.

Jimillar kuɗi zuwa yau N23,300, rabinsa dayis.

Azumi saura kwanaki, mun tsayar da wasa sai bayan Sallah. Cikin watan zan ƙarasa shafi 20 ɗin da Hausa, ƙanwata ta sake duba duk inda aka ambaci Eastland, Malam ya lissafa mini murfi nawa kofin ke ɗauka daga tef zuwa tef don a rubuta ma'auni ga wanda kofinsa ya bambanta da namu. Daga nan zan zauna na karanta sharuɗɗan Miskatonic Repository, sashen da Chaosium ta buɗe a DriveThruRPG, shafin intanet da ake sayar da littattafan irin wannan wasa, don masoya wasan su sa labaransu. Taswirar ma sai an sake zana ta, mahaɗar da ke ƙarƙashin kogi ta yi kusa da otal da yawa.